Allura Kafin Suna

Maigidana Ayuba mutum ne da ba ya faɗin ciwo. Shi ya sa lokacin da wandunansa suka fara ƙin ɗauruwa, ni dariya na yi, na ce girkina ne ya karɓe shi. Na yi ta baza wannan magana a garinmu Ƙofa, har a gidan biki. Sai daga baya na lura ciki ne kaɗai ke yin gaba, wuya da hannuwa sai ƙara tsotsewa suke yi. Idanunsa suka yi rawaya kamar garin ɗorawa, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga.

Ranar da Gwaggo Ma'u ta gan shi ba riga, sai ta zauna dirshan a ƙasa ta ce, "Ya dawo." Gwaggo yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi da ƙanwarsa Hafiza tun rasuwar mahaifiyarsu. Abin da take nufi kuwa duk garin an sani. Da kumburin ciki mahaifiyarsu ta rasu, haka kawunsu, haka kakarsu ta wajen uwa. An daɗe da yanke hukunci cewa sammu aka yi wa zuriyar. Wanda ya yi sammun ne dai ba a taɓa daidaitawa a kansa ba, kowace tsohuwa da nata wanda take zargi.

Gwaggo ta tashi tsaye haiƙan. Saiwoyi, sassaƙe, ganye, ba wanda ba ta jiƙa ba, kuma kowane jiƙo sai ta jefa masa jar kanwa, wai ta wanke dattin. Ta kira wanzami ya yi masa tsaga a ciki, aka kafa ƙaho. Ayuba ya sha, ya daure, ciki kuma yana ta ƙaruwa. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, ni nake jin yadda numfashi ke yi masa wuya in ya kwanta. Tsoro ya kama ni sosai. Wata safiya na saka mayafina, na tsaya masa a ka, na ce ko dai mu tafi asibitin Kankia yau, ko in tafi ni kaɗai in kwatanta musu cikin da hannu. Ya san zan iya, sai ya tashi.

Likitan da muka samu Dawuda sunansa, ɗan siriri, ba ya gaggawar magana. Ya danna cikin, ya leƙa idanun, ya duba tabon tsaga. Aka ɗebi jini, aka shafa wa cikin wani mai sanyi aka ɗauki hotonsa da na'ura. Sannan ya fara tambayoyi. Da ya zo kan ko yana shan giya, Ayuba ya ji haushi har ya nemi hularsa. Likita ya ce ya yi haƙuri, dole ce ta sa yake tambayar kowa, don abubuwan da ke lalata hanta suna da yawa: giya, gyada ko masara da ta yi funfuna, magunguna barkatai, da kuma ƙwayar cuta da ke zama cikin jini.

Ta ƙarshen ce aka samu a jinin Ayuba. Likita ya yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ya ce yawancin masu ita a wajen haihuwa suke ɗauka daga uwa. Sai ta kwanta lamo shekara da shekaru, mutum na noma, na aure, bai san da ita ba, ita kuwa tana cin hanta tana barin tabo. In tabon ya yi yawa hanta ta yi tauri, sai ruwa ya fara taruwa a ciki. Ana ɗauka kuma ta aska ko allurar da aka yi wa wani, da ta zaman aure. Cin tuwo a kwano ɗaya kuwa ba ya kawo ta.

"Kenan ba sammu ba ne?" in ji Ayuba.

"Ni dai abin da na gani ke nan a jininka," in ji likita. "Kuma na san maganinsa."

Aka kwantar da shi, aka soka allura a gefen ciki aka zuƙe ruwan. Na tsaya ina kallon robobi suna cika, ina mamakin inda duk wannan ya samu wurin zama. Aka ba shi ƙwaya guda da zai riƙa sha kullum ba fashi, da wata mai sa fitsari. Aka hana shi gishiri da sinadarin ɗanɗano, aka hana jiƙe-jiƙe, kanwa kuwa likita ya ce ita ce ma ke ƙara tara ruwan. Bai ɓoye mana ba, ya ce tabon da ya riga ya zauna da wuya ya goge, amma ana iya tsayar da ɓarnar, mutum ya rayu ya yi aikinsa. Da muka dawo gida na gaya wa Gwaggo maganar kanwa. Na faɗe ta a hankali ƙwarai, amma ba zan ce ban ji daɗin faɗinta ba.

Likita ya ce a kawo duk gidan a auna. Ni aka ce jikina ya taɓa gamuwa da cutar ya kore ta da kansa, na ce ai haka nake, ba na ajiye baƙon da ban gayyata ba. Yarana biyu lafiya lau. Gwaggo ta miƙa hannu tana mita, ita ma ba a sami komai ba. Sai Hafiza. Jininta ya nuna tana da ita, ga ta da cikin fari.

Hafiza ƙanwar miji ce, tsakanina da ita sai tsokana, amma ranar nan hannunta kawai na riƙe. Likita ya zaunar da ita ya ce hantarta ba ta taɓu ba tukuna, ta gode Allah. Zai ba ta ƙwaya ta riƙa sha a watannin ƙarshe don cutar ta yi ƙasa a jininta. Ta zo asibiti ta haihu. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce akwai abu guda da ba a wasa da shi: allurar rigakafi a cinyar jinjiri, a ranar da aka haife shi, kafin wata ranar ta zagayo.

"Ba bayan suna ba," ya ce, yana duban Gwaggo. "In aka yi ta a kan lokaci, da ikon Allah abin ya tsaya a kanki, Hafiza. In aka makara, jinjirin zai iya ɗauka ya zauna da ita har girmansa."

Gwaggo ta ce to. Irin to ɗin tsofaffi ce, wadda ba ta ɗaure kowa.

Wata ya bi wata, cikin Ayuba ya sace, idanu suka washe, har ya koma leƙa gona. Miyarsa nake raba masa daban, lami, yana ci yana ɓata fuska. Da damina ta yi nisa, Hafiza ta baro gidan mijinta a Kusada ta dawo wajen Gwaggo goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mijinta Mudassir direba ne, dabbobi yake kaiwa kudu, yakan yi kwanaki a hanya. Shi an auna shi ba shi da ita, an yi masa rigakafi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Gwaggo. Na ce wa Hafiza da zarar ta ji bayanta ya amsa ta ƙwanƙwasa mini, mu nemi mota. Ta ce to.

Ita ma to ɗin banza ce. Mai cikin fari a wajenmu ba ta faɗin naƙuda, ba ta kuka, ba ta ko nishi mai ƙarfi, in ba haka ba a yi ta yi mata gori har ta tsufa. Hafiza ta tashi da abin tun asuba, ta cije, ta yi shara, ta wanke kwanoni, har ta leƙo ta katanga ta gaishe ni. Maza suka tafi gona. Ina cikin surfe da hantsi sai na ji guɗa daga gidan Gwaggo. Taɓarya ta faɗi daga hannuna.

Na iske an gama komai. An yanke cibi, an wanke jinjira, mace, an naɗe ta cikin zane an kwantar a gadon Gwaggo, an tura wuƙa ƙarƙashin matashi don tsari. Maƙwabta uku suna zaune suna barka. Hafiza na kwance a tabarma ta juya wa kowa baya, fuskarta na kallon bango. Haka ake so. Uwar ɗan fari ba ta kallon ɗanta a gaban manya, ba ta ɗaukarsa sai an tilasta mata, ba ta faɗin sunansa, balle ta buɗe baki ta nema masa wani abu. Gwaggo sai yabonta take yi, wai yarinya mai kunya, ko tari ba ta yi ba.

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Sannu, jaruma. Kin kyauta."

Ba ta juyo ba. Sai na ji hannunta ya fito ta ƙarƙashin zane ya damƙe mini wuyan hannu, damƙar da sai da ta bar shaida. Ta ja hannuna ta ɗora a kan cinyarta, ta danna yatsana a wurin, ta sake dannawa. Na gane sarai. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, duka a lokaci guda.

Na miƙe na ce, "Gwaggo, sai a shirya ta mu tafi Kankia, a yi mata allurar nan."

Gwaggo ta dube ni kamar na yi zagi a masallaci. "Wa za a hita da ita? Ɗiyar da ko suna ba ta da shi? Cibi ɗanye, ga iska, ga bakin mutane? A bari a yi suna, allura ba gudu za ta yi ba."

"Gwaggo, a gabanki likita ya ce yau."

"Likita shi haihi tashi shi hita da ita. Ni kau tunda nike ban taɓa ganin an kai jinjiri bisa titi kahin suna ba. Uwar ɗiya ma ga ta nan kwance, kin ji ta ce wani abu?"

Nan ne ta kashe ni, don ta san Hafiza ba za ta iya cewa komai ba. Maƙwabta suka goyi bayanta, kowace na kawo labarin jinjirin da aka fitar ya dawo da shafar iska. Ni kuma bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Na ce ai da jar kanwarki ma haka kika ce. Gwaggo ta ce in fita mata daga gida, kuma da gaskiyarta.

Na fita na kira asibitin sha-ka-tafi na kusa, aka ce ranar rigakafinsu sai wani makon. Na kira Mudassir, wayarsa ba ta shiga. Na kira Ayuba a gona na ce ya bar duk abin da yake yi. Sannan na je na tsayar da Lawal, maƙwabcinmu mai motar haya, na ce kada ya ɗauki kowa. Ya ce hadari na haɗowa ta gabas, in ruwa ya sauka hanyar nan sai gobe, in ma ta yiwu. Na ce ya jira.

Ayuba ya iso bayan azahar, ƙafafu duk taɓo. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya cire takalmi, ya cire hula, ya tsuguna a bakin ƙofar Gwaggo ya yi mata barka. Ta amsa a daƙile. Ya nemi maƙwabta su ba su wuri, suka fita suna waige. Sannan ya ɗaga rigarsa. Ga jerin tabon tsaga, ga ɗan baƙin tabon inda aka zuƙe ruwa, ga fatar ciki ta saki ta yi yamutsa.

"Gwaggo," ya ce, "ina yaro lokacin da Inna ta rasu, ba a bar ni na gan ta ba. Ke kika yi mata wanka. Ban taɓa tambayarki ba. Yaya kika iske ta?"

Gwaggo ta kau da kai. Da ta yi magana muryarta ta canza.

"Likkafanin da aka yanka bai ruhe ta ba. Sai da aka ƙaro."

"To ni na tsallake, Gwaggo, da ƙyar. Wagga da ke bisa gadonki mace ce. In ta ɗauka, ita ma wata rana haihuwa za ta yi."

Ya sauke rigarsa. Gwaggo ta dubi jinjirar. Ta dubi bayan Hafiza, wadda har yanzu bango take kallo, amma kafaɗunta sun tona mata asiri. Gwaggo ta goge fuska da gefen ɗankwali, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta zaro wuƙar nan daga ƙarƙashin matashi ta soke ta a ƙugu, ta ɗauki jinjira ta rungume, ta lulluɓa mayafi biyu har ba a ganin ko yatsa.

"Ba mai hita da ita sai ni," ta ce. "In wani abu ya same ta, a ce Ma'u ce." Ta harare ni. "Ke kau, mai bakin tsiya, ɗauko mani takalmana."

Na ɗauko da gudu. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

A mota Gwaggo ta hana a buɗe gilashi, muka yi ta zufa. Tun daga Ƙofa take tofa addu'a cikin mayafi, duk wanda muka wuce a hanya sai ta ƙara sunkuyawa. Muna hawa kwalta ruwa ya ɓarke a bayanmu. Lawal ya duba madubi ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da sai dai labari.

A asibiti ma'aikaciyar jinya, wata Lailatu, ta ce a buɗe cinyar jinjira. Gwaggo na sunkuyawa wuƙa ta suɓuce ta faɗi ƙasa da ƙara, duk ɗakin aka juyo. Lailatu ta ɗauka, ta goge, ta miƙa mata da hannu biyu ta ce, "Ungo, Iya, kakata ma haka take yi." Aka soka allura, jinjira ta tsala ihu. Gwaggo ta ce, "Kai, Allah shi isar maki, ɗiyata," tana jijjiga ta tana hawaye. Ni kuwa na zauna a benci ina dariya ni kaɗai. Lailatu ta yi mana faɗan barin mai jego a gida, ta ce a kawo ta a duba ta, kuma ta ba da nono ba fargaba. Gwaggo ta ce to, wannan karon ta gaske.

Da muka koma gida da yamma, ta wata doguwar hanya saboda ruwa, Hafiza na nan yadda muka bar ta. Na tsuguna na danna yatsana a cinyarta sau ɗaya. Ta sauke numfashi mai tsawo, ba ta juyo ba.

Ranar suna Mudassir ya sa wa yarinya Halimatu Sa'adiya, sunan marigayiya mahaifiyarsu Hafiza, muka riƙa kiranta Ummi. Askin suna da sabuwar reza aka yi shi, Ayuba ya tsaya a kan wanzami har ya ɓare ta daga takarda. Sauran alluran rigakafi kuwa Gwaggo ce ta zama mai tuni, har ta fi ni naci. Duk lokacin da Hafiza ta zo da ita daga Kusada, a bayan Gwaggo Ummi take wuni. Hafiza ta ci gaba da kunyarta, in lokacin ba da nono ya yi sai ta ce, "Ina yarinyar nan?" kamar ɗiyar maƙwabta take tambaya.

Likita ya ce ba za a tabbatar ba sai yarinya ta kusa shekara. Da lokacin ya yi muka ɗunguma Kankia, ya zo daidai da ranar da ake sake ɗaukar hoton hantar Ayuba. Nasa ya fara fitowa: ruwa bai dawo ba, tabo bai ƙaru ba, ya ci gaba da shan ƙwayarsa. Muka ce alhamdu lillahi, amma duk hankalinmu na kan ɗan jinin da aka ɗiba a hannun Ummi. Muka zauna a baranda muna jira, cikin mutane. Hafiza ta zauna can nesa da mu tana wasa da bakin mayafi. Na tsokane ta na ce ko ta zo rakiya ne, ba ta ko yi murmushi ba.

Likita Dawuda da kansa ya fito. Ya dubi Ummi da ke goye a bayan Gwaggo tana tsotsar yatsa, sannan ya nemi Hafiza da ido.

"Ba ta da ita," ya ce. "Jininta tas. Rigakafin ya kama."

Ban ga tasowar Hafiza ba. Na dai ga ta kwance majanyin Gwaggo da hannunta, ta fizge yarinyar ta manna a ƙirji, a gaban yayanta, a gaban likita, a gaban duk wanda ke barandar. Tana kuka da ƙarfi, tana sumbatar kanta da wuyanta da 'yan yatsunta, tana faɗin, "Ɗiyata, ɗiyata, Sa'adiyata." Ayuba ya jingina da bango ya rufe fuska da hula.

Na saci kallon Gwaggo, ina jiran faɗa. Ta juya mana baya, ta kwance ɗankwalinta tana sake ɗaurawa a hankali, alhali ba abin da ya same shi.

"Gwaggo," na ce, "kin ga rashin kunya?"

"Ni ban ga komi ba," ta ce. "Ki ƙyale ta ta ida."